Daga Jidda Zuwa Bur Sa'id a Jirgin Surukin Kafilina

Shekarata tara a Jidda ina gyaran janareto a wata warsha, wato shagon gyara, cikin Madinar Masana'antu, ban taɓa sa ƙafa a ruwan garin ba sai da surukin kafilina ya sayi jirgi. Sunana Haruna, mutumin Yawuri ne ni, a bakin Kwara na tashi, a kan injin kwale-kwale kuma na koyi riƙe sifana. Wani mai dogon baki ne ya kai wannan labarin kunnen kafilina Abu Majid, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, shi kuma ya aiko in same shi a ofishinsa da ke Aziziyya.

Na tarar da surukin nasa, Nawwaf, ya hakimce a kujera da farar hula irin ta matuƙan jirgi. Na yi sallama, bai ɗago daga wayarsa ba.

Abu Majid ya ce, "Ya Harun, Nawwaf zai kai jirginsa Bahar Rum ta mashigin Suwez. Yana neman mai kula da inji. Sati uku kawai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan kogi na sani, ban san teku ba."

Sai a nan Nawwaf ya dube ni. "Inji inji ne. In mun isa, zan sa a yi maka takardar ma'aikacin jirgi. Da ita kowane kamfanin jiragen ruwa zai ɗauke ka, ka huta da janareto."

Wannan maganar ce ta kama ni. Shekara tara mu shida a ɗaki ɗaya a Waziriyya, iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannun mutum guda, ko Makka ba na zuwa sai na sanar da shi. Na ga kamar an buɗe mini taga. Aka buga mini izinin fita da dawowa na wata ɗaya, Nawwaf ya karɓe fasfona ya sa a jakarsa.

Jirgin fari ne tas, tsawonsa bai fi babbar motar safa ba, da dogon ƙarfe a tsakiya inda ake ɗaga manyan ƙyallayen da iska ke turawa. A ƙarƙashin matakala akwai ɗan injin gas, a wani rami da ba ka iya shiga sai ka durƙusa. Mu uku ne a jirgin. Na ukunmu shi ne Baba Siddiƙ, Bahaushen Sudan haifaffen Bur Sudan, dattijo mai farin gemu wanda ya tsufa a kan ruwa. Kakansa daga Haɗejiya ya taso a ƙafa zai je hajji, ya tsaya a hanya, zuriyarsa ta zauna. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, ya gauraya ta da Larabci. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka iya iyo?" Na ce na iya. Ya ce, "To mu biyu ke nan."

Nawwaf ya ce mu riƙa kiran sa Kaftin. Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba, "ya Takruni" yake ce mini, sunan da wasunsu ke jifan duk baƙar fata ɗan yamma da shi.

Bahar Maliya ta ba mu wuya. Iskar arewa ce a fuskarmu kullum, ƙyallayen nan da aka sayi jirgin dominsu ba su yi mana wani amfani ba, inji ne ya yi ta aiki. Ruwa ya ɗaga mu ya buga, ya sake ɗaga mu ya buga. Tun kwana na biyu Kaftin ya kwanta a ciki yana amai a bokiti, ni ke zubarwa. Baba Siddiƙ ne ya tuƙa jirgin, shi ya koya mini riƙe sitiyari domin ya samu ya rintsa. In ruwa ya lafa sai Kaftin ya fito ya gyara hula, ya tsaya a kan sitiyari yana ba da umarni, Baba yana gyara masa kuskure a hankali ba tare da ya nuna ba.

Wata safiya muka wuce wasu masunta biyu a ƙaramin jirgi suna jan taru. Yadda ɗayan ya karkata yana ja, kamar wana Garba. Na ji ƙamshin kifin banda a hancina alhali babu shi, na tuna matata Rabi tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Na shiga ramin inji na zauna kamar mai aiki, don kada a ga idona.

Kwana goma sha ɗaya muka yi kafin mu isa Suwez. Can muka ɗaure a jikin wani ƙarfe da ke yawo a ruwa, muna jiran izini. Wani ya zo ya auna jirgin ciki da waje, wani ya zo ya duba takardu, aka ce gobe. Gobe ta yi aka ce jirgin yaƙi zai wuce, ƙananan jirage su dakata. Kusan kwana goma muna zaune muna kallon manyan jiragen kaya suna shiga mashigin a jere, kowanne ya fi unguwarmu ta Yawuri tsawo, kwantenoni a kansa hawa-hawa.

Dillalin da Nawwaf ya ɗauka don takardu shi ne ya ce zai kawo mana gas, ba sai mun je wurin sayarwa ba. Ya zo da jarkoki a kwale-kwale. Na buɗe ɗaya na zuba a kofin gilashi na ajiye. Ba a jima ba ruwa ya kwanta a ƙasa, da wani baƙin datti kamar dusa. Na kai wa Nawwaf.

"Kaftin, wannan man ba zai kai mu ba. Zai toshe filta."

Dillalin ya dafe ƙirji ya rantse da 'ya'yansa cewa man nan da shi jiragen manya ke tafiya. Nawwaf ya karɓi kofin ya watsar a ruwa.

"Ni ne kaftin ko kai? Yalla, zuba."

Na zuba, raina yana tafasa. Amma jarka ɗaya na ɓoye. Na bar ta ta kwanta, na tace saman ta cikin sabuwar singiletina zuwa wata jarkar, na tura ta bayan inji. Baba Siddiƙ ya gan ni, ya kau da kai.

Ranar da muka shiga, da hantsi aka kawo mana murshid, wato jagoran da doka ta ce dole ya hau kowane jirgi ya raka shi. Wani mai ƙiba ne da baƙin tabarau. Kafin ya zauna ya tambayi abin da aka tanadar masa na kyauta. Ya shimfiɗa mana dokoki: ba a ɗaga ƙyalle a cikin mashigi, ba a tsayawa, ba a jefa anka, ƙaramin jirgi gefe yake bi ya bar wa manya tsakiya. Sannan ya kama sitiyari ya tura inji har ƙarshe, wai yana son ya kai Isma'iliyya ya samu motar komawa gida da wuri.

Mashigin ba abin kallo ba ne. Rami ne dogo da aka haƙa cikin hamada, yashi hagu yashi dama, sojoji a ɗakunan gadi suna kallon ka. Amma in babban jirgi ya zo wuce ka, sai ka san kai ba komai ba ne. Rana takan ɓace. Bangon ƙarfe ne yake tafiya a gefenka, ba ka ganin samansa sai ka ɗaga kai har wuyanka ya yi ciwo. Ruwan da ke ƙarƙashinka ya janye ya bi shi, sannan ya dawo ya mare ka.

Na leƙo na ce wa murshid ya rage wuta, inji yana shan wahala. Ya tambayi Nawwaf, "Wannan wane ne?" Nawwaf ya ce, "Hadimi ne, rabu da shi."

Bayan azahar, mun wuce babban tafkin da ke tsakiya mun sake shiga matsatsi, sai na ji muryar injin ta canza. Ya yi tari sau biyu, ya ɗauka, ya sake tari, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ba zan manta shi ba. Iska ta kama kan jirgin ta fara juya shi zuwa tsakiya. A bayanmu kuwa ga jirgin kwantena yana tahowa, irin wanda ko mai tuƙinsa ya ga dama ba ya iya tsayawa. Ya danna oda, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana.

Murshid ya saki sitiyari ya kama rediyo yana ihu. Nawwaf ya yi ta murɗa makulli yana zagin uwata da ubana. Na ture hannunsa na ce ya bari kada ya kashe batir, na faɗa ramin inji. Filta ta cika da baƙin taɓo. Babu lokacin wankewa. Na cire tiyon mai daga jikinta, na jawo jarkar da na ɓoye, na zura wani tiyon a ciki na zuƙa da bakina. Gas ya cika mini baki, na haɗiye wani, na tofar da wani, na haɗa kai tsaye da famfo. Saura fitar da iskar da ta shiga layin. Sifana tana ta zamewa saboda gas.

A sama ina jin murshid yana kururuwa, "Mamnu'! An hana!" Baba Siddiƙ ne ya saki ɗan ƙyallen gaba, ya riƙe igiyar da hannunsa, yana amfani da iskar ya mai da kan jirgin gefe. Na ji muryarsa da Hausa, a natse kamar yana kiran salla: "Haruna, kar ka yi gaggawa. Na ba ka minti biyu."

Sai duhu ya rufe ƙofar ramin. Babban jirgin ya iso. Namu ya karkata, ƙasansa ya gurji yashi, ruwa ya dawo ya ɗaga mu ya jefar. Na faɗa kan bututun hayaƙi da damtsena na dama. Na ji ƙaurin fatata kafin in ji zafin. Ban saki sifanar ba. Na ɗaure noti na ƙarshe na yi ihu a murɗa makulli. Ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya tashi.

Da na fito, jirgin kwantenan yana gabanmu yana tafiyarsa. Wasu ma'aikata a can sama suna leƙo mu. Baba yana naɗe ƙyallensa, tafin hannunsa duk jini inda igiya ta yanke shi. Na durƙusa a gefe na yi ta aman gas. Abin da Nawwaf ya fara faɗa shi ne in yi nesa da katakon bene kada in ɓata shi.

Da la'asar sakaliya muka ɗaure a Isma'iliyya. Tun da murshid ya yi kira a rediyo, sai an rubuta bayanin abin da ya faru. Na gan shi da Nawwaf sun keɓe a cikin jirgi, murshid ya fito da kwalayen taba a leda yana murmushi. Can sai Nawwaf ya miƙo mini takarda da biro.

"Sa hannu a nan."

Larabcin Alƙur'ani nake karantawa, ba rubutun hannu ba. Na miƙa wa Baba Siddiƙ. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali, sannan ya ce mini da Hausa, "An ce kai ka yi sakaci ba ka duba inji ba, kuma ka amsa laifinka. An ce ni na ɗaga ƙyalle saboda ruɗewar tsufa, Kaftin ne ya ƙwace sitiyari ya ceci jirgi. Ɗana, kar ka taɓa biron nan."

Nawwaf ya daka tsawa, "Ku yi magana da yaren mutane!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kai damtsena gaban fuskarsa, fatar ta saɓule ta yi fari, na ce da Larabcina na warsha, "Wa ya nuna maka ruwa a kofi? Wa ya watsar? Ka kalle ni da kyau, sunana Haruna. Ban sa hannu."

Ya ja da baya. Ina ganin tsoro a idonsa, sai kuma ya tuna ko shi wane ne. Ya buga jakar da fasfona ke ciki ya ce, "Za ka gani." Shi da murshid suka sa hannu su kaɗai. Ko man shafawa bai ba ni ba, alhali akwatin magani yana ɗakinsa. Baba ne ya wanke mini ƙunar da ruwan sha ya ɗaure da tsumma. Da hannu ɗaya na wanke filta, na tace sauran man jarka bayan jarka, domin ko ba komai raina yana cikin jirgin.

Washegari aka kawo wani murshid ɗin, siririn tsoho baƙi kamar mu, mutumin kudancin Masar. Ya yi sallama ya ba kowa hannu, har ni. Da ya ga ɗaurin hannuna ya ce a kwance. Ya duba, ya girgiza kai, ya juya wajen Nawwaf ya ce ba zai tashi jirgin ba sai an kawo akwatin magani. Da hannunsa ya shafa mini ya naɗe da bandeji. Ya ciro gurasa da dafaffen wake daga jakarsa ya raba uku, ya ba ni ya ba Baba.

Ya ce, "Na ji labarinku a rediyo jiya. Wanda ya tayar da injin nan kai ne?"

Na ce ni ne. Ya ce, "To zo ka riƙe."

Ya ɗora ni a kan sitiyari. Nawwaf ya buɗe baki, tsohon ya ce masa a cikin mashigi maganar murshid ake bi. Na tuƙa wajen awa biyu. Muka bi ta ƙarƙashin wata gada mai tsawon gaske, muka kauce wa jiragen fito masu tsallaka mutane da motoci, manyan jirage suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana nuna mini yadda ake fuskantar igiyar ruwansu da kan jirgi. Bai tambayi kyautar komai ba. Da zai sauka ya riƙe hannuna na hagu ya ce Allah ya mai da ni ga iyalina lafiya. Ban ma tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yau.

A Bur Sa'id, inda mashigin ya buɗe cikin Bahar Rum, mun tarar da mutum uku suna jira a gaɓa: abokan Nawwaf biyu da wani Bature mai jar fuska, matuƙin haya. Ina ƙasa ina duba mai, da na hau sai na ga jakata da ta Baba a kan siminti.

Na ce, "Kaftin, takardar da ka ce fa?"

Ya yi dariya har da duban abokansa. "Wace takarda? Kai da ba ka da bizar ko'ina, ina za ka bi ni? Halas, aikinku ya ƙare."

Ashe tun daga Jidda haka aka shirya. Baturen ya ƙi bin Bahar Maliya, shi ya sa aka nemo mu. Ba don na ƙi sa hannu ba ne ma, ko na sa, a nan za a sauke ni. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da komai. Ya miƙa fasfunanmu ga wani dillalin, suka kwance igiya. Ina tsaye ina jin ƙarar injin da na tayar da bakina tana nisa.

Kwana huɗu muka yi a wani ɗaki a bakin tashar, ba mu da hatimin shiga gari, ba mu da jirgin da za mu koma. Dillalin kullum sai ya ce gobe. Hannuna ya kumbura ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni, kwanakin izinin dawowata suna ƙarewa. In suka ƙare ina waje, iƙamata ta mutu, kayana da aikina duk sun tafi. Baba Siddiƙ ne ya zauna a ƙofar ofishin dillalin tun safe, ya ce ba zai tashi ba, ya yi ta jan carbi da ƙarfi a gaban baƙinsa har mutumin ya gaji ya fito da fasfunan. Muka hau mota zuwa Alƙahira, muka hau jirgin sama. Saura kwana ɗaya na sauka Jidda.

Mutanen ɗakinmu suka kai ni wani ƙaramin asibiti aka yanke ruɓaɓɓen naman. Bayan sati na tafi Aziziyya. Abu Majid ya sa aka kawo mini shayi. Na ba shi labari tun daga kofin gilashi har siminti, ban rage komai ba. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya dubi bandejin, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Harun. Nawwaf yaro ne."

Yaron da ya haura arba'in. Na jira sauran maganar.

Ya ce, "Ka huta kwana biyu ka koma warsha. Bayan wata uku za a dawo da jirgin, Baturen ya ce iyakarsa Bur Sa'id. Kai za ka je ka taho da shi, tunda ka san injin."

Shekara tara duk abin da mutumin nan ya faɗa, "hadir" nake cewa, wato an gama. Na ji kalmar ta taso mini har maƙogwaro don sabo. Na ajiye kofin shayin.

"Ba ni zuwa."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Na maimaita. Fuskarsa ta canza, ya ce in ban je ba, ba shi da aikin da zai ba ni, sai dai ya buga mini fita ta dindindin. Ya tambaye ni ko na tuna ina da iyali.

Na ce, "Na tuna, ranka ya daɗe. Shi ya sa."

Na ciro makullan warsha daga aljihu na ɗora a kan teburinsa, da hannun da ya ƙone, don ya gani da kyau. Na ce ya buga. Na fito rana tana tsaka, titi ba kowa sai motoci. Na kira Baba Siddiƙ na faɗa masa. Ya ce, "Ni ma sun kira ni jiya."

Na ce, "Me ka ce musu, Baba?"

Ya ce, "Na ce su nemi Kaftin, ai takarda ta ce shi ya iya."